Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar NESREA: A Kan Hayaƙin Mota, Kada A Bar Jaki A Daki Taiki

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na rubuto maka a bainar jama'a. Maganar ta shafi kowa ne, shi ya sa na ga ya fi kowa ya ji.

Ni bakanike ne a Kaduna. Na haura shekara talatin ina kwanciya a ƙarƙashin mota. A kan Peugeot 504 na koyi aiki, lokacin da ake haɗa ta a nan Kakuri, yau kuma da na'ura nake jona wa mota ta faɗa mini ciwonta. Tun da hukumarku, mai aiwatar da dokokin kare muhalli a ƙasar nan, ta ƙaddamar da shirin auna hayaƙin ababen hawa a farkon 2023, direbobi ke tambayata: "Oga, wannan abin da ake faɗa, kama mu za a riƙa yi?" Ina goyon bayan a rage hayaƙi ɗari bisa ɗari, don ni ne mai shaƙarsa tun safe har magariba. Abin da ke damuna shi ne inda za a fara. Idan aka fara da direban da ke kan titi, an fara daga wutsiya.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a garejina kwanakin baya. Wani malamin makaranta ya kawo mini motar da ya saya, 'yar Beljiyam, ko lamba ba a sa mata ba. Shekara huɗu yana adashi kafin ya haɗa kuɗinta. Ya ce tana shan mai fiye da yadda aka gaya masa, kuma idan ya tsaya a danja wani wari na shigowa ciki. Na sa aka hau da ita rami, na shiga da tocila. Na ƙwanƙwasa tukunyar da ke gaban salansa da kan sifana, sai ta yi ƙara kamar gwangwanin da ba komai a ciki. Na shafa samanta, wajen da ido ba ya kaiwa, na ji layin walda sabo. An farke ta, an kwashe abin da ke ciki, an ɗinke, an shafa baƙin fenti. Da na fito na kunna makulli, fitilar gargaɗin inji ba ta kawo ba ko sau ɗaya, alhali ya kamata ta haska kafin a tayar. Mun buɗe allon gaban direba, mun tarar an liƙe ta da baƙin salatif. Malamin ya tsaya yana kallon salatif ɗin nan a tafin hannuna, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni nawa ne sabuwa. Da na faɗa masa, sai ya ce a mayar da allon kawai.

Wannan mutumin shi ne jami'inku zai tare gobe, ya zura wa salansarsa na'ura, ta nuna ya faɗi. Laifin me ya yi?

Abin da aka sace masa shi muke kira indomi, saboda cikinsa ƙananan ramuka ne jere kamar taliyar da ba a dafa ba. An shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom. Idan hayaƙi mai zafi ya bi ta ciki, ƙarafan nan su ke juya gubar da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki, da ɗanyen man da bai ƙone ba, da iskar da ke ƙona huhu, su mayar da su abin da bai kai su cutarwa ba. Tsadar ƙarafan ita ta jawo masa farauta. Duk wani bakanike a ƙasar nan ya san masu zagayawa gareji-gareji suna tambayar indomi, da kuɗi a aljihu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 abin ya ƙaru, har mai mota da kansa yake zuwa ya ce a cire a sayar masa, wai an gaya masa motar za ta fi numfashi ta rage shan mai. Ba haka ba ne. Na'urar da ke shinshina hayaƙi tana aika wa ƙwaƙwalwar mota saƙo, kuma idan aka dagula wajen, sau da yawa man ma ƙaruwa yake yi.

Satar kuma ba a nan kaɗai take farawa ba. A 2020 hukumar sa ido kan muhalli da sufuri ta ƙasar Holan ta fitar da rahoton binciken da ta yi a kan tsofaffin motocin da ake lodawa zuwa Afirka daga tashoshinta. Ta tarar yawancinsu 'yan shekara 16 zuwa 20 ne, da dama ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, wasu kuma an riga an yanke musu indomi tun kafin su hau jirgi. A shekarar dai Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin dokokin nan, amma bari in faɗi yadda nake ganinsa ta cikin inji, don a nan hujjata take. Amurka ta yi dokar tsaftace iska a 1970. Kamfanonin mota suka yi ta kukan cewa abin ba zai yiwu ba, sana'a za ta mutu. Gwamnati ta ɗan ɗaga musu ƙafa amma ba ta janye ba, kuma daga motocin 1975 indomi ya zama gama-gari a can. Shi ya tilasta aka fito da fetur marar dalma, don dalma kashe indomi take yi murus. Turai ta bi sahu da matakanta na ƙayyade hayaƙi: Yuro 1 a 1992, Yuro 4 a 2005, Yuro 6 a 2014. Kowane mataki sai da ya canja abin da nake gani idan na buɗe bonet. Kafireta ta ɓace, nozul da ƙwaƙwalwa suka maye gurbinta. Motar da a da sai an yi mata cok da safe, yanzu taɓa makulli ɗaya take tashi, kuma ta fi ta da ƙarancin shan mai. Dokar ta ƙara wa mota tsada, wannan gaskiya ne, ta kuma wahalar da ƙananan kamfanoni. Amma ita ce ta tura masana'antar gaba, saboda an faɗi rana tun da nisa, kuma da ranar ta zo an cika.

Ko a can ɗin ma sai da aka yi ha'inci. A watan Satumba na 2015 hukumar muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwaji, ta rage hayaƙi, idan an hau titi kuma ta sake shi har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Masu binciken wata jami'a a jihar West Virginia ne suka fara gano bakin zaren, da suka ɗaura wa motocin na'ura suka bi titi da su. Darasin da na ɗauka shi ne, manyan da ke saman sana'a ake fara sa wa ido, kuma abin da ke fita daga salansa ake aunawa, takarda ba ta wadatar.

To ina motocin da dokokin can suka kora suke zuwa? Birnin Antwaf na Beljiyam ya fara hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga cikinsa a 2017, Burasal ta bi a 2018, wasu biranen Jamus ma suka taka wa tsofaffin na dizal birki. A tashar jirgin ruwan Antwaf ɗin nan ake loda da yawa daga cikin motocin da ke sauka Legas da Kwatano, daga can sunan 'yar Beljiyam ya samo asali. Duk lokacin da suka ƙara ɗaure dokarsu, abin da suka tankaɗe gare mu yake gangarowa. Ƙasar da ba ta tsare ƙofarta ba, ita ce juji.

A kan takarda mun tsare. Hukumarku, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hayaƙin injin fetur da dizal tun 2011. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince cewa daga 1 ga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita, sabuwa ko tsohuwa, sai ta kai matakin Yuro 4, man da za a shigo da shi kuma kada sinadarin sulfa, wato farar wuta, ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Ina roƙonka ka aiko mutum ɗaya ya zagaya wuraren sayar da motoci a Kaduna ko Kano, ya leƙa ƙarƙashin goma, ya dawo ya faɗa maka nawa ne suka cika wannan sharaɗi da indominsu a ciki.

Maganar mai kuwa, a nan zan faɗi abin da ya daɗe yana cin raina, don da hannuna a ciki. Motocin dizal na zamani, daga Yuro 5 zuwa sama, suna da wata matata a salansa mai tare baƙin toka. An ƙera ta ne don man Turai, wanda tun 2009 sulfarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Mu kuwa mun yi shekara da shekaru ƙa'idar dizal ɗinmu tana kan kashi 3,000. A 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta tona yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa wani gurɓataccen nau'i musamman don Afirka, wanda ba za su iya sayarwa a gida ba. Idan aka zuba irin wannan a motar zamani, matatar toshewa take yi. Mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa jan jiki kamar mai zazzaɓi. Mai ita ya zo, ga iyali, ga kaya ya ɗauko, sabuwar matata kuma kuɗinta ya fi ƙarfinsa, ko ya saya ma sake toshewa za ta yi. Na sha cire ta in huda, in goge ta daga ƙwaƙwalwar motar. Na san abin da nake saki cikin iska a lokacin da nake yi. Ba ni da wata hanyar da zan nuna wa mutumin, kuma har yau abin bai kwanta mini a rai ba.

Shi ya sa nake cewa mai ne farko. Najeriya ta yi alkawarin rage sulfa tun a ƙarshen 2016 tare da Ghana da Benin da Togo da Kwaddebuwa. Ghana ta aiwatar a 2017, mu aka yi ta ɗage rana. Dokar man fetur ta 2021 ta sake rubuta kashi 50 ɗin. Holan ta hana fitar da gurɓataccen mai daga tashoshinta a 2023, Beljiyam ta bi a 2024, kuma a 2024 ɗin matatar Dangote ta fara fitar da dizal da fetur. Dama irin wannan ba mu taɓa samu ba. Abin da ya rage shi ne a sani, a kuma nuna. Ku haɗa kai da hukumar da ke kula da harkar mai da ta ingancin kaya, a riƙa ɗibar mai daga bakin famfo a Kawo da Zariya da Funtuwa da Gusau, ba a daffo kaɗai ba, a auna, a buga sakamakon kowane wata inda kowa zai gani. Tsakanin daffo da tankin direba akwai tafiya mai nisa, akwai hannaye da yawa, akwai 'yan bumburutu. Ranar da na tabbata man da ke garin nan ba zai toshe matata ba, ba zan ƙara huda ko ɗaya ba.

Na biyu ita ce ƙofar shigowa. Kenya ta daɗe tana sa a duba mota tun a ƙasar da za ta taso, kafin ta hau jirgi. Mu ma za mu iya. Motar da ba ta kai Yuro 4 ba, ko aka tarar tukunyarta fanko ce, kada ta fito daga tashar jirgin ruwa, kuma wanda ya shigo da ita shi zai ɗauki asarar. A sa dila ya ba mai saye shaida a rubuce cewa indomi na nan, in aka tarar babu ya biya. A kuma bi sawun masu sayen indomin da masu fitar da shi waje, don suna da shaguna, ba aljanu ba ne. Na san iyakar ƙasa ma tana yoyo. An hana shigo da mota ta kan tudu a Janairun 2017, amma kowa a Arewa ya san tsohuwar hanyar Kwatano da ke ratsawa ta Nijar, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a farkon 2025. Wannan na nufin sai an duba mota a wajen yi mata rajistar farko, duk ta inda ta biyo.

Akwai wani ɓangare na matsayar ECOWAS da nake roƙon a bi a hankali, wato ƙayyade shekarun ƙananan motoci zuwa 5. Da darajar naira a yau, motar da ba ta wuce shekara biyar ba ta fi ƙarfin malami da ma'aikacin asibiti da ɗan tasi. Idan aka danna wannan dare ɗaya, mutane za su ci gaba da lallaɓa ragargazazzun da ke hannunsu, waɗanda suka fi kowace hayaƙi, fasa-ƙwauri kuma ya samu kasuwa. Yuro 4 kuwa ba abin tsoro ba ne, motocin da suka kai shi sun fara fitowa shekara ashirin da suka wuce. Mota 'yar shekara goma sha biyu da indominta lafiya ta fi 'yar shekara shida da aka kwashe wa ciki. A fara da lafiyar inji, shekarun a riƙa rage su sannu-sannu bisa jadawalin da aka sanar.

Jadawalin nan shi ne abin da masana'antarmu ta rasa. Ni na ga lokacin da Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, yake ciyar da unguwanni. Ga Volkswagen a Legas, ga Steyr a Bauchi, ga kamfanin manyan motoci a Kano, ga ANAMMCO a Inugu, ga Leyland a Ibadan. Abubuwa da yawa suka durƙusar da su, faɗuwar naira da rashin wuta da gwamnatin da ta daina sayen nata, amma ambaliyar tsofaffin motoci masu arha tana ciki. A 2014 aka fito da tsarin farfaɗo da masana'antar, aka ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan motar da aka shigo da ita a haɗe. Mutane suka zuba jari. Dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta zaftare harajin. Wa zai gina masana'anta a kan ƙasar da ke motsi? Yau Innoson na haɗa mota a Nnewi, Dangote da Peugeot sun sake buɗe wata a nan Kaduna, akwai wasu a Legas. Wanda ke haɗa sabuwar mota da cikakken kayan tace hayaƙi ba zai iya gogayya da wanda ya kwaso ta shekara ashirin, ya sayar da indominta daban, ya sayar da gangar jikin daban ba. Dokar hayaƙi da ake aiwatarwa a tasha kariya ce gare shi, wadda ta fi haraji dawwama. Maroko ta hana shigo da tsofaffin motocin da suka wuce shekara biyar, ta gyara ingancin man motocinta, Renault ya buɗe masana'anta a Tanja a 2012, Peugeot a Kenitra a 2019, yau motocinta Turai ake kai su. Ba dokar hayaƙi kaɗai ta yi musu wannan ba, amma da motocinsu ba su cika ƙa'idar Turai ba, ko ɗaya ba za ta tsallaka ruwa ba. Su ma masu haɗawa a gida a ɗaure su da ƙa'ida ɗaya, kada tambarin "an yi a Najeriya" ya zama lasisin kawo injin da aka daina yayinsa a ko'ina.

Haka batun keke-napep da babur, waɗanda su ne ainihin abin hawan talaka a Arewa. Yawancinsu daga Indiya suke. Indiya ta tsallaka zuwa mataki na shida na ƙa'idar hayaƙinta a watan Afrilun 2020, kamfanoninta suka koma yin masu nozul don kasuwar gida. Waɗanda ake kawo mini gyara a nan har yau da kafireta nake ganinsu. Kamfani ya iya yin mai tsafta, yana yi ma, abin da kasuwa ta yarda ta karɓa yake aiko mata.

Sai an yi waɗannan sannan a zo kan direba, kuma ko an zo, a zo da gyara kafin tara. Na san yadda wasu takardun mota ke fitowa ba tare da kowa ya ga motar ba, kowane direba ma ya sani. Idan takardar hayaƙi ta zama ɗaya daga cikinsu, an ƙara wa talaka haraji ne kawai, iska kuma tana nan yadda take. Wanda ya faɗi gwaji a karon farko a ba shi wata uku, a rubuta masa abin da ya lalace. Sau da yawa abin ba shi da yawa: fulogi, matatar iska, nozul da ya toshe, na'urar shinshina hayaƙi. A sauke haraji a kan indomi sabo da waɗannan kayan don su sayu. Mu kuma da za mu yi gyaran a tuna da mu. Yawancin bakanikan ƙasar nan a gindin bishiya suka koyi aiki, da kunne da hanci. Ƙungiyoyinmu suna nan a kowace jiha. Ku zo da hukumar bunƙasa ƙera motoci a horar da mu, a sama mana na'urar auna hayaƙi ko da bashi ne, kowane rukunin gareji guda ɗaya.

Akwai wani yaro da nake koya wa aiki, shekararsa goma sha shida. Shi ake sa wa ya tsuguna a bayan mota ya ga kalar hayaƙi idan ana taka totur, baƙi ne ko fari ko shuɗi, don haka aka koya mana. Da hunturun bana, lokacin da hazo ya danne hayaƙin gari ya hana shi tashi, na ga ya koma bayan shago yana tari har yana dafe gwiwa. Abin da ya tofar baƙi ne. Mahaifiyarsa da ta kawo mini shi cewa ta yi: "Ga amana nan, Baba." Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa kansa tun 2012. Na hana yara tsugunawa a bayan salansa daga ranar, na kai shi asibiti, ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma mai tallan ruwa a danja, da mai suyar ƙosai a bakin tasha, da jaririn da ke goye a bayan uwa cikin keke, ba ni da ikon matsar da su.

Ranka ya daɗe, idan aiki ya kawo ka Kaduna, ka ware awa ɗaya ka shiga duk rukunin garejin da ka ga dama, ba tare da sanarwa ba. Ka sa a ɗora motoci biyar a rami, a ba ka tocila da sifana. Duk bakaniken da ka tarar zai nuna maka inda ake ƙwanƙwasawa.

Allah ya taimake ka a kan wannan aiki, ya ba ka mashawarta nagari.

Wassalam.

Naka,
Wani bakanike a Kaduna